Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Wace Burauza Ta Dace da Wayarka?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Jama'a masu sauraro, ga shirinmu na faɗakarwa kan fasahar zamani. Gaisuwa ga mutanen cikin garin Daura, da na Mai'adua, da Zango, da Sandamu, da Baure, har da 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka da ke kama mu daga ƙasar Nijar. 

Kwanakin baya na tsaya a rumfar wani mai gyaran waya a cikin kasuwa, ina jiran a canja mini gilashi. Sai ga wani dattijo da waya a hannu, ransa a ɓace. Ya ce, "Yaro, duba mini wannan abu. Ɗana zai ga sakamakon jarrabawarsa, tun hantsi wani ɗan zobe yake ta juyawa, ya ƙi buɗewa. Ko dai wayar ce ta mutu?" Mai gyara ya karɓa, ya latsa nan, ya latsa can, kafin ka ce kwabo sai ga sakamako ya fito. Dattijo ya riƙe baki, ya ce, "Ikon Allah! Me ka gyara?" Yaron ya yi dariya, ya ce, "Baba, ban gyara komai ba. Wayarku lafiyarta ƙalau. Guga kawai na canja muku."

Wannan amsa ta zauna mini a rai, domin mu mutanen Daura ba sai an yi mana dogon bayani a kan rijiya da guga ba. Garinmu da rijiyar Kusugu aka san shi. Kuma Hausawa sun ce rijiya ta bayar, guga ya hana. To, intanet rijiya ce, ruwanta ba ya ƙarewa. Gugan da muke zurawa mu ɗebo shi ake kira burauza, kuma a kanta za mu tattauna yau: wacce ta fi sauri, wacce ta fi sauƙin aiki, wacce ta fi tausayin data, wacce kuma ta dace da irin wayoyin da ke aljihunmu.

Bari mu fara da kawar da wani ruɗani. Burauza ita ce manhajar da kake buɗewa ka rubuta adireshi ko tambaya a samanta, ita kuma ta je ta ɗauko maka shafin ta shimfiɗa shi a fuskar wayarka. Chrome burauza ce. Haka Opera Mini, da Firefox, da Safari, da Edge, da Brave, da Phoenix. Da yawanmu kan ce "shiga Google" da nufin komai da komai. A'a, Google injin bincike ne, kamar ɗan jagora ne mai nuna maka inda abu yake. Burauza ce ke zuwa ta ɗauko.

Abin ba tsoho ba ne can. A shekarar 1990 wani Bature ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ya ƙirƙiro burauza ta farko yana aiki a cibiyar bincike ta CERN da ke Turai. Netscape ta fito a 1994, kamfanin Microsoft ya biyo baya da Internet Explorer a 1995. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin awa guda a kafe a Katsina ko Kano shekaru ashirin da suka wuce ya san shuɗin harafin nan na tambarinta da ake latsawa a zauna jira. Ta yi zamaninta, har Microsoft ya yi mata ritaya a watan Yunin 2022. Firefox ta zo a 2004, Chrome a 2008. Amma mafi yawanmu a nan arewa ba ta kwamfuta muka fara shiga intanet ba. Bayan zuwan wayar salula a 2001, ƙananan Nokia masu madannai ne suka buɗe mana ƙofa, da Opera Mini wadda ta bayyana a 2005. Samarin zamanin manhajar hira ta 2go, ina gaishe ku, na san kun tuna.

Yanzu ga wani sirri da ba kowa ya sani ba. Kun san yadda ake samun babura masu suna daban-daban da fenti daban-daban, amma in bakanike ya kwance su sai ya tarar injin iri ɗaya ne? Haka burauzoji suke. Chrome, da Edge, da Brave, da babbar Opera, da Samsung Internet, duk a kan tushe guda aka gina su, wanda ake kira Chromium, injinsu kuma Blink. Firefox ce ke da nata injin, Gecko. Safari ta kamfanin Apple tana amfani da WebKit. A kan iPhone kuwa, a ƙasashenmu, dokar Apple ta sa kowace burauza dole ta hau injin WebKit, ko da yake a Tarayyar Turai an sassauta wannan a 2024. Ke nan mai iPhone a Daura da ya sauke Chrome, riga ya canja, amma injin na Safari ne.

Me wannan yake koya mana? Bambancin sauri tsakanin masu inji ɗaya ba shi da yawa. Inda suke rabuwa shi ne kayan da kowacce ta ɗora wa kanta: tallace-tallace, da labaran da ba ka nema ba, da saƙonnin da ke faɗo maka a kai a kai.

Masana suna da ma'aunin gwada sauri. Akwai wanda ake kira Speedometer, wanda kashi na uku nasa ya fito a watan Maris na 2024, kuma Apple da Google da Microsoft da Mozilla ne suka haɗa hannu suka tsara shi. Yana auna yadda burauza ke amsawa in an latsa abu. Ma'auni ne mai kyau, sai dai ba ya auna yadda shafi ke buɗewa a inda sabis ke da rauni. Dokin da ya ci sukuwa a filin da aka share ba lallai ne ya fi jaki amfani a hanyar gona da damina ba.

Shi ya sa nake roƙon ku riƙe abubuwa huɗu. Ɗebo ruwa yana buƙatar igiya, da ƙarfin mai ja, da guga, sannan ga nauyin ruwan kansa. Igiya ita ce sabis. In sanda ɗaya ce a wayarka, ko kana kusa da Kongolam inda waya kan rikice tsakanin layin Najeriya da na Nijar, to babu burauzar da za ta yi maka tsafi. Ƙarfin mai ja shi ne wayarka, musamman abin da ake kira RAM, wato faɗin tabarmar da waya ke baza aikinta a kai. Waya mai RAM giga biyu ba za ta ɗauki abin da mai giga takwas ke ɗauka ba. Nauyin ruwa kuwa shi ne shafin: wani rubutu ne zalla, wani kuma an cika shi da hotuna da bidiyo da talla. Sai na huɗu, guga. Shi ne abin da ke hannunka ka canja yau, kyauta, ba tare da ka sayi sabuwar waya ba.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, barkanmu da dawowa. Yanzu sai mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Mu fara da Chrome, tunda kusan kowace wayar Android da ita take zuwa. Babban ƙarfinta shi ne yawancin masu gina shafuka da ita suke fara gwada aikinsu. Saboda haka in za ka cike fom, ko ka ɗora hoto, ko ka biya kuɗi a shafin JAMB, ko na NYSC, ko na asusun lamunin ɗalibai NELFUND da aka buɗe a 2024, ko shafin makarantarku, Chrome ba ta cika ba da kunya ba. Tana kuma iya fassara shafi, domin tun 2013 aka sanya Hausa a cikin manhajar fassara ta Google. Fassarar takan yi gwaranci, kada ka dogara da ita a kan maganar magani ko shari'a, amma tana ba ka hasken abin da ake faɗa. Aibinta? Tana da ci. Tana cin RAM, tana cin caji, kuma a ƙaramar waya in ka tara shafuka da yawa a buɗe sai ta fara nishi. A da tana da wani tsari na tsimin data, amma Google ya cire shi a 2022. Sannan a tuna, Google da talla yake samun kuɗinsa, don haka yana son sanin abin da kake nema.

Sai Opera Mini, tsohuwar abokiyar talaka. Kamfanin Opera a ƙasar Norway ya samo asali, a 2016 wasu masu zuba jari na ƙasar Sin suka saye harkar burauzarsa, kuma daga gidan ne OPay da kuka sani ta fito a 2018. Dabarar Opera Mini daban ce. In ka nemi shafi, ba kai tsaye yake zuwa wayarka ba. Sai ya biya ta manyan na'urorin kamfanin, a matse shi, a rage nauyin hotuna, a zubar da tarkace, sannan a miƙo maka. Kamfanin yana cewa tsimin kan kai kashi 90 cikin 100. Ga wanda ke ƙauye inda sabis ke zuwa yana komawa, ko ɗan kasuwar da ke son duba labarai a BBC Hausa ko Aminiya yana tsakiyar kasuwar Mai'adua ranar da jama'a suka cika layi ya cushe, wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, kowa ya san data ta zama abin lallaɓawa.

Amma araha ba ta ado. Wannan matsewa da ke kawo sauri ita ce kuma ke kawo cikas. In ka sa ta a tsimi mafi tsanani, shafukan da ke buƙatar cike fom ko zaɓar kwanan wata ko biyan kuɗi sukan karye: ka latsa maɓalli ya ƙi motsi, ko ka gama cikewa komai ya goge. Na biyu, a wannan yanayi har shafin da aka kulle sai an buɗe shi a na'urar kamfanin kafin a matse. Saƙon da ya bi ta hannun ɗan aike ba daidai yake da wanda ka kai da kanka ba. Don haka harkar banki da lambar sirri, a nemi wata hanya. Ga kuma yawan labarai da talla a shafinta na farko, waɗanda in ba ka shiga saiti ka kashe ba, datar da ta tara maka ta ƙofa sai ta fice ta taga.

Masu Tecno da Infinix da itel, wayoyin kamfanin Transsion na birnin Shenzhen da suka cika kasuwanninmu, da yawanku kun tarar da Phoenix a ciki. Matasa na son ta saboda sauƙin sauke bidiyo da adana fayil. Ita ma sai an zauna an rage mata surutu, a kashe sanarwar da take turowa. Akwai kuma UC Browser ta rukunin Alibaba, wadda ta yi tashe a da. Ya kamata a sani cewa gwamnatin Indiya ta haramta ta a watan Yunin 2020 tare da wasu manhajojin ƙasar Sin, bisa dalilan tsaron bayanai.

Firefox kuwa 'yar gidan Mozilla ce, gidauniyar da ba don riba aka kafa ta ba. Abubuwa biyu nake yaba mata. Na farko, a wayar Android tana karɓar ƙananan ƙarin manhajoji, irin su uBlock Origin mai toshe talla, abin da Chrome ta waya ba ta yarda da shi ba. Na biyu, tana da yanayin karatu: ka latsa alama guda, sai ta share komai ta bar maka rubutu zalla, ka ƙara girman haruffa yadda idonka yake so. Iyayenmu da malamanmu masu dogon karatu a waya, wannan naku ne. Rauninta shi ne jifa-jifa za ka gamu da shafin da aka gina da Chrome kaɗai a zuciya, sai ya ɗan yi mata gardama.

Sai Brave, wadda ta fito a 2016. Injinta ɗaya da na Chrome, amma tun daga fitowa take toshe talla da masu bin sawu. Tarihinmu ya ce maciji ne ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa a Kusugu sai ranar Juma'a, har Bayajidda ya zo ya kashe shi. To, macijin rijiyar intanet a yau talla ce: ita ke tare hanya, ta sha data, ta sa shafi nauyi. In aka kawar da ita, shafi yakan buɗe da wuri ko da sabis bai canja ba. Sai dai a yi adalci. Jaridunmu na Hausa da ke kan intanet da kuɗin talla suke biyan ma'aikata. In akwai wadda kake karantawa kullum kuma ka amince da ita, za ka iya ɗage mata shingen ita kaɗai. Brave tana kuma ɗauke da wasu harkokin kuɗin intanet na kirifto. Ba dole ba ne, wanda bai san kansu ba ya bar su a kashe.

Ga ɗalibanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, da Kwalejin Yusuf Bala Usman, masu aiki da kwamfutar cinya: kada ku raina Edge da ke zuwa da Windows. Tun Janairun 2020 ta koma kan tushen Chromium, don haka abin da Chrome ta buɗe ita ma za ta buɗe. Tana kwantar da shafukan da ba ka amfani da su don kada su cinye RAM, tana kuma da daɗin karanta takardun PDF. Ga tsohuwar kwamfuta 'yar Kwatano, wannan taimako ne. Mai iPhone kuma, Safari ta ishe shi, ita ta fi sanin hanyar lallaɓa batirin gidansu.

(Ɗan gajeren kiɗa)

To, wani zai ce, "Malam, ka lissafo su da yawa, wacce ce gwana?" Hausawa suka ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Ga gwajin da kowa zai iya yi a zaure. Zaɓi shafuka uku da ka saba shiga: ɗaya na labarai, ɗaya na makaranta ko na gwamnati, ɗaya mai hotuna da yawa. Zauna a wuri ɗaya, da layi ɗaya. Buɗe kowane shafi a burauza ta farko kana ƙirga daƙiƙa, sannan ka maimaita a ta biyu. Yi haka da asuba lokacin da layi ba kowa, ka sake yi bayan isha'i lokacin da gari duka ya hau waya. Bayan mako guda, shiga saitin waya, wajen lissafin data, ka ga nawa kowacce ta sha. Abin da ka gani da idonka a unguwarku ya fi abin da wani ya auna a Amurka. Gani ya kori ji.

Kafin ka zargi guga kuma, duba ko kai ne ka cika shi da duwatsu. Akwai wanda in ka duba wayarsa za ka tarar da shafuka sittin a buɗe tun bara. Rufe su. Share tarkacen da burauza ke tarawa lokaci-lokaci. In shafi ya tambaye ka izinin turo maka sanarwa, ka ce a'a, sai in ka san shi. Hana bidiyo kunna kansa. Waɗannan kaɗai sukan mayar da tsohuwar waya yarinya.

Sauran magana ɗaya, kuma ita ce mafi nauyi, wato tsaro. Sauri ba shi da amfani in ɓarawo yake kai ka wa. Ka riƙa sabunta burauzarka daga Play Store ko App Store, domin yawancin sabuntawa toshe ƙofofin ɓarayi ne. A daina karɓar burauza ta hanyar manhajar Xender daga wayar aboki, ba ka san abin da aka cusa a ciki ba. Kafin ka rubuta lambar BVN ko NIN, dubi adireshin da ke sama da kyau. Shafukan hukumomin gwamnati a Najeriya galibi da gov.ng suke ƙarewa. Saƙon da aka turo a WhatsApp cewa ana rabon tallafi, latsa nan ka cike, ka tura wa mutum goma, wannan tarko ne, kuma ko wace burauza ka hau, in ka miƙa lambarka da hannunka, ta tafi. Lambar nan da banki ke turo maka ta saƙo, ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake kira.

In ka yi aiki a kafe ko a wayar wani, kada ka yarda burauza ta adana kalmar sirrinka, kuma ka fita daga asusunka kafin ka tashi. Akwai kuma abin da ake kira Incognito, wato shiga a ɓoye. Jama'a da yawa sun ɗauka layar zana ce. Ba haka ba ne. Abin da take yi kawai shi ne ba ta barin tarihin inda ka shiga a cikin wayar. Kamfanin layinka da shafin da ka ziyarta duk suna ganin zuwanka. Uwa uba, Wanda ba Ya barci Yana gani. Iyaye kuma a riƙa leƙa abin da yara ke buɗewa, da hikima ba da tsawa ba.

Ga hukuncin shirinmu na yau. Babu burauza guda da ta fi kowa a komai, kuma gida mai hankali ba ya dogara da guga ɗaya. Ajiye biyu a wayarka. Ɗaya mara nauyi, irin Opera Mini, don karanta labarai da bincike lokacin da sabis ya yi rauni ko data ta kusa ƙarewa. Ɗaya cikakkiya, Chrome ko Firefox ko Brave, don fom da jarrabawa da duk abin da ya shafi kuɗi. In ɗaya ta ƙi buɗe shafi, gwada ɗayar kafin ka hau babur zuwa wajen mai gyara. Sauran da ba ka amfani da su kuma ka goge, ka ba wayarka numfashi.

Kira na ga matasanmu da Allah Ya hore wa sanin waɗannan abubuwa: yau da daddare, karɓi wayar Baba ko ta Inna, ka rufe musu shafukan da suka taru, ka kashe sanarwar banza, ka ƙara musu girman rubutu, ka nuna musu wace za su latsa don labarai, wace kuma don harkar kuɗi. Aikin minti goma ne, kuma ladan taimakon iyaye ba ƙarami ba ne.

A nan za mu dasa aya. Allah Ya ƙara wa Mai Martaba Sarkin Daura lafiya, Ya zaunar da masarautarmu da jiharmu ta Katsina da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. 

(Kiɗan rufe shiri)